Ƙararrawar Maharazu

Daura,
3 ga Oktoba, 1978

Zuwa ga ƙanena Maharazu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Yaya karatu, yaya sanyin Amurka? Mu nan da sauƙi, ban da ƙafar Iya.

Wata bakwai ke nan rabonmu da takardarka, Auta. Ta ƙarshen ma shafi uku ka cika da labarin kwamfuta, gaisuwarmu layi biyu. Ka ce ka koya mata buga ƙararrawa, da zarar saƙo ya shigo sai ta sanar da duk wanda ya shigar da sunansa yake zaune gabanta, wanda ya tashi kuwa ba zai ji ba. Na karanta wa Iya har sau huɗu, tana ta sa maka albarka. Da na san abin da za ta ɗauka a ciki, da na tsallake wurin.

Ƙaya ce ta soke ta a gona da damina. Ciwon ya ƙi warkewa, yanzu yatsu biyu sun yi baƙi. Likita ya ce ciwon suga ne, a kai ta Kano ba da jinkiri ba. Ta ce ba inda za ta sai ta ji daga gare ka. Ta sa an shimfiɗa mata tabarma kusa da zaure, tana jiran ƙararrawar keken Mainasara, masinjan makarantar da nake koyarwa, tunda shi ke ɗauko wasiƙu daga gidan waya. Ko keken mai kananzir ne ya wuce sai ta ɗaga kai. In na yi magana ta ce ai kai da kanka ka faɗa, wanda ya tashi ba ya ji.

Ka rubuto ka ce mata ta tafi. Maganarka kaɗai za ta ji.

Yayarka,
Haulatu

Daura,
28 ga Oktoba, 1978

Maharazu,

Sallama da gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta hana ka amsa, don in ba lafiya ba ce ban san inda zan sa kaina ba.

Baƙin ya hau har idon sawu. Turare nake sawa kafin 'yan dubiya su shigo. Kawu Sada ya zo daga Baure da mota, ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya koma shi kaɗai. Na yi mata bayani kamar ina gaban 'yan aji ɗaya, na ce takarda ba ta ruɓewa, in ta zo zan kai mata har gadon asibiti. Na ce ko a kwamfutar taka saƙo ba ya ɓacewa, yana nan ajiye har mai shi ya dawo. Ta dube ni ta ce, "In mai shi ya dawo."

A nan na gane ba rashin fahimta ba ne. Tsoro take ji kada a kai ta Kano ta cika ba ta ji daga autanta ba.

Ni kam haushinka nake ji, ba zan ɓoye ba. Ka zauna kana ƙera wa Turawa abin da zai sanar da su saƙon juna, akwatin wasiƙunka kuma ko leƙawa ba ka yi. Don girman Allah, layi ɗaya.

Yayarka,
Haulatu

Kano,
19 ga Nuwamba, 1978

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina kuma neman gafararka, don na yi ƙarya da sunanka.

Ranar Litinin na ɗauko tsohon ambulan ɗinka, na rubuta takarda na sa a ciki na liƙe. Na roƙi Mainasara ya kawo ta da hantsi. Bawan Allah ya buga ƙararrawa tun daga bakin lungu. Na durƙusa na karanta mata cewa kana lafiya, kana roƙon ta tafi asibiti. Ta karɓi takardar ta shafa, ta ce a kira Sada.

Sai da muka wuce Kazaure ta kama hannuna ta ce, "Ambulan ɗin nan wata takwas yana ƙarƙashin matashina, Haulatu. Na tashi ne don na ga kin kai maƙura."

Ban saki hannunta ba har muka shigo Kano.

Likitoci sun ce za su yanke daga gwiwa ranar Alhamis. Sun ce da an zo da wuri, da yatsun kawai za a cire, yanzu kuma ba su yi mana alkawarin komai ba. Kafin wannan ta iso hannunka an riga an yi, ko ta tashi ko ba ta tashi ba. Ka rubuto duk da haka.

Jiya ta ce in daina damunka da wasiƙu, kada in raba maka hankali da karatu. Ta ce ta yafe maka duniya da lahira, in tabbatar na rubuta maka haka. To, na rubuta. Ni ban yafe ba tukuna.

Wassalam.

Yayarka,
Haulatu