Furar da Aka Mayar

Gafasa,
Ƙasar Ajingi,
Zulƙida 1394 (Nuwamba 1974).

Zuwa ga Yayana Datti, a Sabo, Shagamu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga wanta, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Hanne da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara wa kasuwar goro albarka, ya tsare ku da sharrin hanya da ciwon baƙon wuri. Mu nan muna lafiya gwargwado. Damina ta bana ta yi kyau, ba kamar bara da muka ci baƙar wuya ba. Inna Hure tana nan da ranta, sai dai idon ya ƙara rauni, kuma duk motar da ta ji ƙararta sai ta ce a leƙa ko kai ne. Goron da ka aiko ta hannun Maikuɗi direba ya iso, mun raba, mun gode. Amma goro ba ya magana, Yaya. Shekara da shekaru ba mu ga fuskarka ba, sai huhun goro, kamar mu da kai ciniki ne ya haɗa mu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami maganar Kabo ce, ɗan ƙaninmu Maiwada. Na san hoton da ke idonka na wancan ɗan yaron ne mai in'ina, wanda in aka yi baƙo sai a nemo shi a bayan rumbu. Ka tuna lokacin da aka ɗauke shi makarantar kwana a Gaya, Maiwada bai ja ba, cewa ya yi a tafi da shi, dama ba ya iya riƙe fartanya balle zance. Shekarar farko yaron ya sha gudowa gida a ƙasa, ƙafa duk ƙaya, a mayar da shi yana kuka. Ni kaina na ɗauka asarar sabulu da tabarma kawai ake yi.

To, akwai wani malaminsu, Malam Ɗanladi, shi ya ja shi cikin ƙungiyar aikin sa kai ta makarantar. Yara ne da ke fita bayan an tashi daga aji, su share ɗakin shan magani, su yashe rijiya, su dasa darbejiya a bakin kasuwa. Ba biyansu ake yi ba. Bara da yunwa ta yi tsanani aka kawo tsabar agaji, su suka tsaya a wurin rabo, kuma matan da suka je sun ba ni labarin wani dogon yaro da ke ɗaukar wa tsofaffi kaya har bakin hanya, yana hana ƙarti ture su. Da suka ce ɗan Maiwada ne, dariya na yi. Sai da ya zo hutu na ga abin da idona. Ya miƙe, ya yi kafaɗa, yana duban mutum in yana magana, in'inar ma sai ka kasa kunne sosai kafin ka ji ta. An ce har gaban hakimi ya tsaya ya yi bayanin rijiyar Kademi da ta rufta, bai yi tuntuɓen harshe ba. Bana yaran suka zaɓe shi shugabansu. A tsakar gidana kuma ya buɗe mana aji, mu zawarawa da tsofaffi, yana koya mana baƙi da wasali da gawayi a jikin bango. Ya sha fama da mu, don kanmu ya riga ya bushe, amma ban taɓa jin ya yi tsaki ba.

A hutun damina sukan haɗu, waɗanda ƙauyukansu ke kusa, su bi gonakin marasa ƙarfi suna nomewa. Tun rasuwar maigidana su ne suke yi mini noman gonata. Suna da wata 'yar tuta ta koren ƙyalle da suke kafawa a bakin gona don 'yan'uwansu su gane wurin, har mutane suka sa wa irin waɗannan gonaki suna gonakin tuta: tawa, da ta Bappa makaho, da ta marayun nan na bayan masallaci. Kuma suna da doka guda mai ƙarfi, ba sa cin komai ko shan komai na mai gona. Garin rogonsu da ƙuli-ƙulinsu da gorar ruwansu suke zuwa da su, wai don kada su zame wa talaka nauyi. Na taɓa bin su da soyayyar gyaɗa suka gudu suna dariya. Ni abin bai dame ni ba, kowa ya san ba ni da miji ba ni da ɗa namiji, babu abin ɓoyewa.

Sai ga shi bana, ana tsakiyar noman farko, kurkunu ya fito wa Maiwada a ƙafar dama. Ƙafar ta kumbura, ba ya iya taka ta. Ciyawa ta rufe babbar gonarsa ta bakin hanyar kasuwa, wadda Baba ya bari. Na ce masa ya kira gayya, ya ce da me zai ciyar da mutane, bara ta share rumbun. Ka dai san ƙaninka da girman kai, gara ya mutu da a ce ya kasa. Haka yake jan jiki zuwa gona, ya zauna a ƙasa yana noma da zaune. Kabo ya ga wannan, ya kasa jurewa. Bai shawarci kowa ba, ya aika wa abokansa, ranar kasuwa da safe sai ga yara sun cika gonar, ga koriyar tuta tana kaɗawa a daidai inda kowa ke wucewa.

Adama, uwar yaron, ita ta fara gane abin da ke shirin faruwa. Ta shigo gidana a guje mayafi a hannu, ta ce in taimake ta mu mai da abin nan gayya tun bai zama abin magana ba. Ka san yadda al'adar take a wurinmu: in mai gona ya shayar da masu aiki, to shi ya kira su, gayya ce, girma ce. In kuwa an yi masa aiki an tafi ba a taɓa ƙwaryarsa ba, sadaka aka ba shi. Muka kakkaɓe ɗan geron da ya rage, muka daka, muka karɓo nono a rugar Fulani, muka dama fura ƙwarya biyu manya. Maiwada kuwa, duk da ransa a ɓace yake, ya gane dabarar. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya dogara sanda, ya ɗingisa har bakin gona, ya saki fuska yana yi wa yaran sannu da aiki kamar yadda mai gayya ke yi. 'Yan kasuwa da jakunansu sun tsattsaya suna kallo. Adama ta sauke furar a gindin kuka, ya ce su taso su jiƙa maƙoshi.

Yaya, da sun kurɓa ko da ludayi ɗaya ne, da yau ban rubuto maka wannan ba. Yaran suka kalli shugabansu. Kabo ya ajiye fartanya, ya zo ya durƙusa gaban ubansa, ya yi magana da murya tas, babu in'ina ko kaɗan, ranar da na so a ce ta sarƙe shi. Ya ce sun gode, amma dokar ƙungiya ce ba sa karɓar komai daga hannun waɗanda suke taimaka wa, kuma ba zai karya ta a gonar gidansu ba alhali ya hana a karya ta a gonar wasu. Ina ta ƙifta masa ido, ina taka masa ƙafa, shi kuwa yana ganin gaskiya ya riƙe. Ban ga laifinsa duka ba, shekarun da yara ke koyon waɗannan abubuwa a bakin gona shi yana aji. Maiwada ya juya da sandarsa. Adama ta rufe furar da faifai ta ɗora a ka, muka bi ta gaban mutane muka mayar da ita gida.

Da farko na ɗauka abin zai wuce. Ranar Juma'a a ƙofar masallaci wani taubashin Maiwada, cikin wasa, ya tambaye shi ko 'yan tuta za su dawo masa girbi, ya ce a sa shi a layi bayan Bappa makaho. Aka yi dariya. A nan ne, gaban jama'a, Maiwada ya rantse da Allah cewa muddin yana numfashi Kabo ba zai sake taka makarantar nan ba, kuma ƙwaya ɗaya daga gonar nan ba za ta shiga rumbunsa ba. Liman ya bi shi har gida ya nuna masa rantsuwar fushi tana da kaffara, ya ciyar da miskinai ko ya yi azumi shi ke nan. Ya ce wa liman ai yanzu shi ne miskinin, wa zai ciyar. Malam Ɗanladi ya taso tun daga Gaya a kan keke, ya durƙusa ya ba da haƙuri, ya ce dokar tasa ce, shi ya ƙago ta, a hukunta shi a bar yaro. Bawan Allah har ruwa ya roƙa ya sha, ya ci tuwon gidan, don dai a gani. Maiwada ya karɓe shi da mutunci, ya raka shi bakin zaure, bai sauya ko kalma ba. Malamin ya ce za su riƙe wa Kabo gurbinsa har ƙarshen wannan zangon, in ya wuce sai a ba wani.

Yanzu ga inda muke. Dawar gonar ta yi kyau irin wanda ban taɓa gani ba tun zamanin Baba, ta nuna, ta sunkuya, tsuntsaye na biki a kanta. Ya hana a yanka, ya hana a sayar, ya hana a bayar. Kowa ya girbe nasa, ita kaɗai ke tsaye a bakin hanya, duk mai wucewa sai ya waiwaya. Abin da ya samu a ƙaramar gonar ba zai kai su bazara ba. Kabo kuwa yana nan yana bin ubansa duk inda ya sa shi, shi ke wanke masa ƙafar, shi ke ɗaure ta. Bai yi gardama ba, bai gudu ba, ko da yake a da gudu ne sana'arsa. Amma in'inar ta dawo, ta fi ta da. Ajinmu ya watse, ruwan ƙarshen damina ya wanke rubutun bangon. Ina ganinsa zuciyata sai ta karye, wallahi ba na iya haɗa ido da shi.

Ban rubuto don ina da wani dogon sa rai ba. Inna ta yi magana har da hawaye, ya ce ta yafe masa. Ni na yi faɗa, na yi lallashi, yanzu ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Kai kaɗai ka rage wanda yake jin nauyi, kai ne a matsayin Baba. Amma na san nisan Shagamu, na san lokacin goro ne, na kuma san kafin takardar nan ta same ka, ka nemi mota, wataƙila zangon ya ƙare. Duk da haka na ce gara in faɗa maka, kada wata rana ka ce an ɓoye maka. In za ka zo, ka zo da ƙafarka. Kada ka aiko da saƙo, kada ka aiko da goro.

In ka ga rubutun nan a karkace, ka yi haƙuri, hannuna ne, kuma an ɗauke mini malamina ban gama koyo ba. Na yi kwanaki ina harhaɗa shi a ɓoye. Sunan garinku ne ya gagare ni, na rasa yadda zan yi, na kira Kabo na tambaye shi yadda ake rubuta Shagamu. Ya dube ni, ya gane. Ya karɓi ambulan ya rubuta adireshin da kansa. Ya daɗe yana kokawa da maganar kafin ta fito, sannan ya ce in roƙe ka, in ka zo kada ka yi wa babansa faɗa gaban mutane, kuma kada ka ɓata bakinka a kan makaranta, shi ya haƙura da ita. Ya ce ka dai samu ya yarda a yanke dawar nan, don ƙannensa su samu abin ci. Yaron da ake nemowa a bayan rumbu ke nan, Yaya. Ka dubi rubutun bayan ambulan ɗin da kyau ka adana shi, tun da aka hana shi komawa makaranta bai taɓa alƙalami ba sai ranar, kuma ban ga alamar zai sake ba.

Ka gaishe mini da Yaya Hanne, da Kadijatu da maigidanta, da A'isha 'yar auta wadda ban sani ba sai a baki. Inna Hure tana sa maka albarka, Adama tana gaishe ka da girmamawa. Maiwada bai san na rubuto ba, don haka babu gaisuwarsa a ciki. Allah ya sada mu da alheri, ya sanyaya zuciyar da ta yi tauri.

Wassalam.

Ni ce ƙanwarka,
Barira.