Kukana Kan Binciken da Dakta Kabiru Ya Kawo Mini Gona

Zuwa ga Shugaban Sashen Kimiyyar Kwamfuta na jami'ar da ɗana yake koyarwa.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan iyali da ɗalibai suna lafiya. Ni manomi ne a Wagini, mahaifin malaminku Dakta Kabiru.

Ranar da ya zama dakta a kwamfuta, rago na yanka. Daga baya na ji ashe ba injin yake nazari ba, halin masu rubuta manhaja yake bi, abin da ke ɓata musu rai da dalilin faɗansu. Ga abin da ilimin nan ya jawo mini bana, da ya zo gida hutun damina.

Na ɗaya. Mai unguwarmu ya kawo masa wayarsa da ta ƙi kamawa. Kabiru ko buɗe ta bai yi ba. Ya zaunar da dattijo yana tambayarsa yadda abin ya taɓa zuciyarsa. Har yau da ƙyar mai unguwa yake amsa gaisuwata.

Na biyu. Da noma ya kankama, Kabiru ya ce masu manhaja kan yi taro a tsaye kowace safiya, kowa ya faɗi abin da ke hana shi aiki. Muka tsaya a bakin gonar wake. Ƙanena Sale ya ce abin da ke hana shi aiki shi ne ƙanenmu Musa. Rana ta take muna rabon faɗa.

Na uku. Washegari ya ba su biyun hauya ɗaya, wai ɗaya ya yi noma, ɗaya ya tsaya yana gyara masa kuskure. Ciyawa ta cinye waken, shi kuwa murna yake, wai bincike ya yi kyau.

Mafi nauyi, mun je Safana nema masa aure. Waliyyin yarinyar ya tambayi sana'arsa, na ce kallon masu aiki yake yi. Ya ce to shi yaushe yake nasa? Aka ɗage maganar sai bayan kaka.

Ina roƙo, ranka ya daɗe, a daina ba shi hutu da damina. Sannan ka taimaka ka biyo mu Safana da kanka, ka yi wa waliyyin bayani. Amma in kai ma irin aikinsa kake yi, don Allah ka turo wani.

Allah ya ƙara girma, ya raya maka zuri'a. Wassalam.

Alhaji Sada, Wagini.