Haƙorin da Illo Ya Taɓa

Litinin, 11 ga Maris, 1968. Yelwa.

Kwana biyu da layya, ban ci tsoka uku ba. Turmin haƙorina ne na can ƙarshe, na ƙasa, gefen hagu. Na duba a madubin aski: kansa kaɗai ya leƙo, dasashi ya rufe sauran. Shekarata ashirin da huɗu, ga digiri a akwati, amma haƙori na fito mini kamar jariri.

Ba ni da fargaba. Tun Oktoba da kamfanin ƙidayar gidaje ya ɗauke ni aiki ake yankar sule bakwai da sisi a albashina duk wata, kuɗin inshorar lafiya. Takardar da suka ba ni, shafi ɗaya, ta ce har da haƙori. Na ja layi a ƙarƙashin wurin tun ranar.

Laraba, 13 ga Maris

Mun haye tsibirin Gungun Ɗorawa da kwalekwale. Aikina shi ne in gwada ƙidayar 1966 da abin da ke ƙasa, kafin a rufe madatsar Kainji ruwa ya ci garin. Abin da ke cikin tsohuwar ƙidaya shi za a gina wa mutum a sabon gari.

Wani dattijo mai noman albasa, Tamada, ya tsare ni. Takarda ta ce rumbunsa biyu. Shi ya ce uku: na ukun ambaliya ta kayar da shi shekarar da aka zo ƙidaya, ya sake gina shi a gurbinsa. Ya kama hannuna har gindin rumbun.

"Malam, idonka nawa ya gani?"

Na ce uku, amma biyu takarda ta sani.

"To ita takardar, ta taɓa hayowa nan?"

Na gaya masa doka ce, ba ni na yi ta ba. Na rubuta biyu. Ya miƙo mini ƙullin albasa, na ƙi karɓa. Muƙamuƙina na bugawa duk tsawon maganar.

Alhamis, 14 ga Maris

Likitan kamfani ranar Alhamis kaɗai yake zuwa Yelwa. Yau bai zo ba. Na zauna a benci daga takwas zuwa ɗaya da kwata.

Asabar, 16 ga Maris

Kumatu ya tashi. Bakina yatsa ɗaya ke shiga. Kunu kawai.

Inna ta aika aka kira Illo wanzami ba da sanina ba. Na fito daga wanka na tarar da shi zaune a zaure ya buɗe zabira. Na ce ni likita nake jira. Inna daga bayan ƙofa ta ce, "Auta, Illo na ya cire maka belu kana ɗan kwana bakwai, ba ka mutu ba. Likitan nan naka ina shi?"

Na zauna gabansa. Kuma gaskiya, da wani ya ce in sa garwashi a wurin da na sa.

Ya tsaga dasashin wuri biyu da ƙaramar aska. Mugunya da jini suka fito. Ya sa jar kanwa. Na ga taurari da rana tsaka. Ƙarfe huɗu da minti ashirin. Bai karɓi komai ba sai goro.

Lahadi, 17 ga Maris

Da sauƙi. Ban gaya wa Inna ba, don kada ta yi ta nanatawa.

Alhamis, 21 ga Maris

Ciwon ya dawo tun Talata, ya fi na da.

Likita ya zo. Ya haska fitila ya ce haƙorin a kwance yake fitowa, yana tura na gabansa. Ba na fincikewa ba ne, sai an tsaga an fasa shi. Likitan haƙori na gwamnati a Kaduna, layinsa sai bayan wata huɗu saboda sojojin da ake kawowa daga bakin daga. Akwai wani mai zaman kansa, shi kamfani ke tura mutanensa. Sannan ya sake leƙawa ya tambaya wa ya yanka nan.

Na gaya masa. Suna, sana'a, rana, har da ƙarfe nawa. Ya rubuta duka a takardar neman izini. Har daɗi na ji da na ba da cikakken bayani. Wawa.

Jumma'a, 22 ga Maris

Na kai wa Ishaya takardar, akawun da ke riƙe da al'amuran ma'aikata. Ya karanta, ya cire tabarau, ya dube ni kamar na zo da gawa.

"Malam Sahabi, wa ya aike ka?"

Ya jawo wani littafi daga aljihun tebur, shafi talatin da biyu. Cikakkun sharuɗɗan inshorar ke nan. Kwafi ɗaya ne a duk ofis, ban taɓa sanin da shi ba. Sashe na tara: ba a biyan kuɗin duk ciwon da wani wanda ba likita mai rajista ba ya riga ya taɓa.

Na ce ni shafi ɗaya aka ba ni. Ya ce kowa shafi ɗaya aka ba shi. Na ce to a ƙasar nan wa ke da ciwon da wanzami ko tsohuwa ba su riga likita taɓawa ba? Ya ce shi ya sa kowa ke ce wa likita ƙayar kifi ce ta yanke shi. Mutumin Yauri, ya ce, kana kwana kana tashi a bakin kogi, amma ƙayar kifi ba ta zo maka a baki ba?

Ya ce zai iya ɓatar da takardar. Alhamis in karɓi sabuwa, likita ba ya tuna fuskar kowa. Na ce a'a. Na ce a tura ta Ikko, ofishin masu inshorar, yadda take, da wasiƙata a kai. Ya ɗaga kafaɗa.

Asabar, 23 ga Maris

Na rubuta wasiƙar sau huɗu. Hujja uku: likitansu bai zo ba ran 14, ba a taɓa nuna mini sashe na tara ba, askar Illo ba ita ta kwantar da haƙorin ba, a kwance Allah ya halicce shi. Babu mai hankalin da zai ƙi wannan.

Na yi wa Inna magana mai zafi. Na ce ita ta jawo. Ta ci gaba da tsince wake ba ta ɗago ba. Ban ji daɗi ba, amma ban janye ba.

Talata, 26 ga Maris

Lissafi, in Ikko suka ƙi:
Hoton muƙamuƙi, fam biyu.
Aikin, fam goma sha takwas.
Mota zuwa da dawowa ta Kontagora, fam biyu da sule goma.
Masauki da magani, fam ɗaya, in na kwana wurin abokin karatuna.
Fam ashirin da uku da sule goma.

A asusun gidan waya ina da fam talatin da ɗaya. Na kwanon rufin ɗakin Inna ne. Bara da damina tasa huɗu take jerawa a ƙasa, tana jan gadonta daga wannan bango zuwa wancan. Ranar da na karɓi albashin farko na ce mata ba za ta sake jera tasa ba. A gaban mutane na faɗa.

Litinin, 1 ga Afrilu

Sun yanki sule bakwai da sisi. Na shida ke nan. Fam biyu da sule biyar na biya don a nuna mini sashe na tara.

Laraba, 3 ga Afrilu

Gungun Ɗorawa kuma, unguwar yamma. Na ɗaure fuska da ƙyalle. Tamada na zaune yana gyaran komar kamun kifi, ya hango ni.

"Malam, wanga kumatu naka, takarda ta san da shi?"

Masu kwalekwale suka fashe da dariya.  Da zan wuce ya ce in tafasa kanumfari in riƙe ruwan a baki. Na ce masa da ƙyar, na gode, an hana ni maganin kowa. Ya ce, "Su da suka hana, sun ba ka nasu?"

Tsoho mai neman magana. Duk da haka maganar ta bi ni har gida.

Litinin, 8 ga Afrilu

Amsa ta zo daga Ikko. Layi uku. Suna baƙin cikin sanar da ni. Sashe na tara. Ba su taɓa ko ɗaya daga hujjojina ba. Ko sunana ba su rubuta daidai ba.

Na shiga wurin Manaja da wasiƙar. Ya karanta a tsaye, ya ce ya tausaya mini ƙwarai, amma doka ce, ba shi ya yi ta ba. Na fito. Ban san me ya fi ba ni haushi ba, ƙin biyan ko yadda ya faɗe ta, a hankali, da ladabi, yana duban agogo. Na san muryar nan. Na taɓa jin ta a wani wuri kwanan nan.

Ishaya ya biyo ni har bakin ƙofa ya ce da na ji maganarsa da yanzu ina Kaduna a kuɗin kamfani. Na ce da yanzu ina Kaduna da ƙarya a bakina. Ya ce ƙarya ba ta kumbura kumatu.

Talata, 9 ga Afrilu

Zazzaɓi. Kumburin ya sauka wuya. Haɗiyar yawu ma aiki ne.

Inna ta shigo da hantsi ta ajiye ƙunshi a gefen tabarma. Tasoshinta ne na tagulla, na aurenta, da suka fi ni shekaru. Ta ce a kai kasuwa. Na ce ba za a kai ba. Ta ce, "Ni na kira Illo."  Na mayar mata da su ɗaki da kaina.

Gobe zan ciro kuɗin.

Asabar, 13 ga Afrilu. Kaduna.

An cire. Minti hamsin da biyar. Gida uku likitan ya fasa shi. Ɗinki huɗu. Ya ce da na ƙara mako guda da sai dai a kwantar da ni asibiti. Na tambaye shi ko tsagar wanzami ta ƙara ɓata wurin. Ya ce ba ta ƙara ba, ba ta rage ba, wataƙila ma ita ta saya mini kwanaki. Na ce ya rubuta mini haka. Ya rubuta, ya ce amma ba za ta amfane ni ba.

Na sa gutsattsarin a kwalin ashana. Fam ashirin da uku da sule goma sha huɗu. Sule huɗun na ɗan dako ne da shayi, ban sa su a lissafi ba.

Alhamis, 18 ga Afrilu. Yelwa.

Na tura wa Ikko takardar likitan. Ba don su biya ba. Don ta zauna musu a fayil.

Abin da ya rage ya sayi bandir ɗaya na kwano da ƙusa. Uku ɗakin ke ci. Kafinta ya ce a rufe gefen gado, sauran a ƙara ciyawa. Inna ta tsaya tana kallo ta ce tasa biyu ma ta isa bana. Na ci tuwonta da gefen dama. Na nuna mata abin da likitan Kaduna ya rubuta game da Illo, na fassara mata. Ta ce ai ta sani.

Litinin, 22 ga Afrilu

Hadari a gabas, bai zubo ba.

Yau na rufe takardun Gungun Ɗorawa, gida sittin da bakwai, za su tafi gobe. Ba wani abu. Da na zo kan gida na talatin da ɗaya, na Tamada, na daɗe kaɗan, alƙalamin ne ke tsiyaya. Na soke layi ɗaya, na sa hannu a gefe da kwanan wata, yadda ake yi.

Ishaya ya duba ya ce Manaja zai kira ni a kan wannan, kuma ni ɗan gwaji ne har Satumba. Na sani. In ya kira zan ce kwalekwale na nan, ya haye ya ƙidaya.

Ba don tsohon ba ne. Ni dai uku na gani.