Yaya Isiyaka bai gane ni ba

6 ga Maris, Aboabo

Na kasa cin abinci tun da na dawo daga unguwar Ayigya. Na tarar da Yaya Isiyaka a ƙofar ɗaki yana kallon jikokinsa da suka dawo daga macin bikin ranar 'yancin kai. Ciwon mantuwar nan ya ci ƙarfinsa.

Na zauna ina tuna masa ranar da Ghana ta samu 'yancin kai. Shi ya ɗora ni a wuya don in hango masu ganga. Baba ya yanka rago, maƙwabtanmu Asante suka aiko da dokunu, tuwon masararsu, Inna ta taka rawa a titi, abin da ba ta taɓa yi ba. Takalmina ya ɓace a taron, Yaya ya ce shi ya yar, ya sha duka a madadina.

Ya saurara har ƙarshe, ya yi murmushi.

"Hajiya, labarinki da daɗi. Ke 'yar wane gida ce?"

"Gidanku, Yaya."

"To, ki gaida mutanen gida."

Na ce za su ji. Ni da shi kaɗai muka rage a mutanen gidan. Sai da na shiga motar haya ta trotro kuka ya ƙwace mini.