Kalma Ɗaya a Allon Masaukinmu

Abla Nawal, don Allah ki agaje ni, yau kwana tara mijina bai ci abincin hannuna ba.

Muna da ɗan masaukin baƙi a bakin Nilu, nan Aswan. Mijina Shazli tsohon matuƙin jirgin ruwa ne, Turancinsa na tsintuwa ne daga bakin Turawa, amma in yana zuba shi sai ki rantse a Landan aka yanke masa cibiya. Ni kuwa digiri gare ni a Turanci, shekara goma sha ɗaya ina koyarwa. Bai taɓa tambayata ko harafi ɗaya ba, wai nawa na littafi ne.

Bara ya hau tsani ya rubuta allo da hannunsa. So yake ya ce mun yi suna wajen karrama baƙi, wato hospitality, sai gogan ya zabga hostility, wato ƙiyayya. Na gani tun fenti bai bushe ba, na ja bakina na tsuke. Wata takwas Turawa suna tsayawa ɗaukar hoton allon, shi kuma yana gyara rawani yana shiga cikin hoton, haƙora a waje.

Wani baƙo ne ya ji tausayinsa ya gaya masa. Da Shazli ya tambaye ni ko na sani, dariya ta ƙwace mini. Yanzu gidan yayarsa yake cin abinci, har na ji ana zancen kiran kawuna. To ni ina laifina? Ni na riƙe masa burushi?

Mai digiri, Aswan

Mai digiri,

Mijinki yana da nasa laifin. Ya ajiye malama a gida yana roron Turanci a titi, alhali matambayi ba ya ɓata. Sai dai kalmomin nan biyu sun kayar da waɗanda suka fi shi, don kansu ɗaya, wutsiyarsu ɗaya. Da kin ce masa ta alheri ita ce mai kama da hospital, inda ake kula da mutum, da magana ta ƙare a minti ɗaya.

Ba ki faɗa ba. Shi sau ɗaya ya yi kuskure a kan tsani, ke kuwa kullum safiya sai kin sabunta naki. Haka kike yi wa ɗalibanki? Digirin da bai rufa wa mijinki asiri a ƙofar gidansa ba, ban ga abin da ya tsinana miki ba.

Ki taka gidan yayarsa da ƙafarki, ki ba shi haƙuri ba tare da "amma" ba, darasin kuma ki adana sai ya nema. Allo dai gwangwanin fenti ɗaya ya ishe shi. Mutumin da ya gane matarsa tana cikin 'yan kallo kuwa, sai a hankali.

Allah ya huci zuciyarsa, ya daidaita tsakaninku.

Abla Nawal