Yara Tara a Makarantar Sorrel

Alhamis, 27 ga Maris

Na yi. Na shiga gari na ba da sunana, ni Nadine Tollefson, ina neman kujera a kwamitin makarantu. Matar ofishin ta dube ni ta saman tabarau ta ce ko na san kujerar Orval Stenerson ce nake nema. Kamar akwai wanda bai sani ba a gundumar nan. Tun ina budurwa yake zaune a kanta.

Ko a wurin biki ban taɓa miƙewa na yi magana ba. Amma a zaman watan jiya Orval ya ce lokaci ya yi da za a rufe makarantarmu ta Sorrel, a riƙa kwasar yaran a bas zuwa garin Haverty. Yara tara ne, har da Tessa tawa mai shekara bakwai. Fiye da awa guda zuwa, haka ma dawowa, a hanyar da ƙanƙara ke rufewa rabin shekara. Ta fita da duhu ta dawo da duhu ke nan. Aji ɗaya ce tak, kuma a ɗan ɗakin nan na koyi karatu, a hannun Malama Ardis ɗin nan da ke koya wa Tessa yanzu. Ba zan zuba ido ba.

Da na gaya wa Wendell sai ya ci gaba da wanke kwalbar maraƙi. Can ya ce, to wa zai jefa mana igiya ranar lalas ɗin maruƙa in muka ɓata da Orval? Miji ke nan. Ina zancen 'yarsa, yana zancen maruƙa.

Asabar, 29 ga Maris

Karsana biyu sun haihu, ɗaya sai da muka jawo mata ɗan. Ko kalma ɗaya ta jawabi ban rubuta ba.

Laraba, 2 ga Afrilu

Mun yi kiciɓis da Orval a kan gada. Ya ɗaga yatsu biyu daga sitiyari kamar kullum, ni ma na ɗaga.

Wendell bai yi ƙarya ba, shi ne abin haushin. Ranar da za a ɗora wa maruƙa alamar gida da ƙarfe mai zafi, maƙwabta ne ke zuwa da dawakinsu, mu ma mu je nasu. Orval ke kama mana maruƙa da igiya tun surukina yana raye. In wani gida ya daina zuwa lalas ɗin wani gida, to an raba gari ke nan, har jikoki.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Zaman 'yan takara na farko, a zauren 'yan kwana-kwana na Haverty.

Na ɗauka mutum goma za su zo. Wallahi da na shiga sai da na tsaya a bakin ƙofa. Zauren maƙil. Ana tsakiyar haihuwar shanu, ba wanda ke samun barcin kirki, amma ga mutane daga can bayan tsauni, takalmansu da kashin shanu, sun baro garke sun zo jin yadda za a yi da yara tara da yawancinsu ba su san sunayensu ba. Ban taɓa ganin mutanenmu da wannan idon ba. Sai na ji kamar a coci nake, duk da warin.

Lavonne ƙanwar Wendell ce mai kula da lokaci. Kowa minti biyu, in ya cika ta kaɗa ƙararrawar saniya, ko kana tsakiyar kalma. Ba ta san dangi ba in ta riƙe ƙararrawar nan.

Da aka zo kaina na fara magana ƙasa-ƙasa. Tsoho Ike Brubaker, da har yanzu da sunan babana yake kirana, ya ce daga bayan zaure, “Ɗaga murya, 'yar Halvorson, ba saniya kike lallashi ba.” Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, kuma dariyar ce ta buɗe mini murya. Na manta da takardata. Na ce musu kawai Tessa tana tsoron duhu har yanzu. Zauren ya yi tsit, har ina jin ƙarar tukunyar kofi. Ni ɗin nan da Wendell kan ce sau uku nake magana kafin kare ya juyo.

Orval ya yi nasa bayanin: a gari akwai malamin kiɗa, akwai yara da yawa, akwai filin wasa. Ba rai a maganar, kamar mai karanta takardar maganin shanu. Da aka tashi shi ya miƙo mini kofi, ya ce na yi ƙoƙari, amma in daina riƙe makirufo kamar zan ɗura masa magani.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Wani ya rubuta sunana da fenti a jikin damin ciyawa a mararrabar hanya. Manya-manyan baƙaƙe jajaye. Ban san ko wane ne ba. Na tsayar da mota na zauna ina kallo kamar sunan wata.

Talata, 15 ga Afrilu

Na je ɗauko Tessa. Na so in ji Malama Ardis ta ce ko da sannu da ƙoƙari, tunda ai makarantarta nake karewa. Ta ce in bar zancen zaɓe a bakin ƙofa tare da takalmina. Shekarata talatin da takwas, amma sai na ji na ce to, Malama.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Zama na biyu, a makarantar Sorrel ɗin kanta. Ƙattin maza a kan kujerun yara, gwiwoyinsu har ƙirji. Waɗanda ba su sami wuri ba suna waje suna leƙe ta taga.

Yau na ji daɗin bakina, ya kuma yi yawa. Aka tambaye mu me ya sa kowa ke neman kujerar. Na juya na kalli Orval na ce a ɗakin nan ya koyi rubuta sunansa, a nan 'ya'yansa huɗu suka gama, yanzu da ya ci nasa ya ƙoshi shi ne zai kife mana kwanon. Aka yi tafi har tagogi na motsi. Na ji ni a sama.

Sai lokacinsa na amsa. Ya miƙe, ya cire hula. Ya kalli bayan ɗakin inda Malama Ardis ke zaune kusa da murhu, ya dawo da idonsa. Ya ce, “Ba ni da abin cewa a kan wannan.” Bai kuma zauna ba.

Lavonne kuwa ba ta kaɗa ƙararrawa sai lokaci ya cika, doka ce. Haka muka zauna. Dattijo a tsaye da hula a hannu, ɗaki cike da mutane, ba mai ko tari. Ban san minti biyu na da tsawo haka ba. Na ji iska a jikin kwanon rufi, na ji wani doki a waje. Ban taɓa ganin mutum ya tsaya ya ɗauki zagi haka ba, kamar mai tsayuwa cikin ruwan sama don ya san ba wurin fakewa. Da ƙararrawar ta kaɗa sai da na zabura.

Kowa ya ce na gama da shi. To me ya sa tsoro nake ji?

Juma'a, 25 ga Afrilu

Wendell bai ce mini uffan ba sai wajen abincin rana. Da ya buɗe baki cewa ya yi gishiri ya yi yawa.

Laraba, 30 ga Afrilu

Lalas ɗinmu Asabar. Wendell ya bi gidaje ta waya kamar kowace shekara. A gidan Orval matarsa Berniece ce ta ɗauka, ta ce za ta faɗa masa. Shi ke nan abin da ta ce.

Na jiƙa wake, na fito da naman sa. Ban san ko na mutum nawa zan dafa ba.

Asabar, 3 ga Mayu

Rana ba ta gama fitowa ba na ji motoci. Na leƙa. Ta farko a layin a-kori-kurar Orval ce, da jan dokinsa a baya. Bayansa 'ya'yansa maza, bayansu duk mutanen da suka ƙi kallona a coci makon jiya. Na tsaya a taga da ludayi a hannu, hawaye na zuba. Wane irin mutane ne waɗannan da na zauna cikinsu duk rayuwata?

Mai gida ne ke raba aiki, igiya kuwa girmamawa ce, ba a ba kowa. Wendell ya zo ƙofar kicin ya ce wa zai ba. Sau nawa ya taɓa tambayata? Na ce ya ba mai ita.

Na fita na kalle shi. Shekara saba'in da ɗoriya. Dokin na tafiya a hankali cikin maruƙa kamar ba abin da ya kawo shi, sai ka ga igiya ta sauka ƙasa-ƙasa ta kama ƙafafun baya biyu. Ba gudu, ba ihu. Hayaƙi, warin gashi, iyayen maruƙan na kuka a bayan shinge, shi kuwa ko hularsa ba ta karkace ba. Kullum ina gani, yau ne na gani.

Bayan an ci abinci na same shi zaune a bayan motarsa. Na ce, Baba Orval, maganar da na yi ranar nan. Ya ɗaga hannu ya ce ba a siyasa a wurin lalas. Ya ci gaba da cin wake. Can dai ya ce tunda alama ta nuna ni zan hau kujerar, gara in sani, amma in na faɗa wa wani bai yafe ba.

“Ardis ta gaji, yarinya. Tun shekara shida da suka wuce ta ce ta gama. Mun nemi malami har mun gaji, ba mai zuwa ƙarshen hanyar nan ya zauna shi kaɗai. Duk bazara ni ke zuwa gidanta in roƙe ta shekara ɗaya. Bana na je, na kalle ta, na kasa.”

Na ce to me ya hana shi faɗa a gaban mutane?

“Don su taru a ƙofarta da yara a hannu? Ta ce ba ta so a ce ita ta rufe Sorrel. Gara a ce ni ne.”

Ya miƙo mini kwanon ya ce waken bai ji gishiri ba. Ya hau doki ya koma aiki.

Talata, 6 ga Mayu

An yi zaɓe. Tsofaffin mata uku suka zazzage akwatin a kan tebur, ɗaya na kiran suna da ƙarfi, biyu na bi. Tollefson. Stenerson. Tollefson. Kowace takarda hannun wani ne da na sani, wani da ya baro aikinsa ya yi tafiya mai nisa don ya ce ga abin da yake so.

Na ci, da 'yan ƙuri'u kaɗan. Orval ne ya fara ba ni hannu. Iyayen yaran Sorrel suka rungume ni, wata ta ce na ceci makarantarmu. Tessa na ta tsalle. Na yi murmushi har kumatuna suka yi ciwo.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na je gidan Malama Ardis bayan coci. Shekara ɗaya tak zan roƙa, kafin mu samo wani. Na shirya maganar tsaf a mota, da Tessa a ciki, da duhu, da komai. Yanzu ai na iya magana.

Na tarar tana fama da murfin kwalbar zuma. Yatsunta sun kumbura, sun lanƙwashe, sun ƙi kamawa. Da waɗannan take hura murhu kowace safiya kafin yara su iso, take ɗaure wa ƙanana takalma. Kullum ina ganin hannun nan a bakin ƙofa, ban taɓa kallonsa ba. Na karɓa na buɗe mata.

Ta zuba mana shayi ta ce in faɗi abin da ya kawo ni, Orval shi da zancen ruwan sama yake farawa. Na ce ba komai, gaisuwa na zo. Muka yi hirar tumatirinta, da ƙanwarta da ke can kudu inda ba sanyi, wadda ta daɗe tana cewa ta zo. Fuskarta ta canja da take zancen. Ban taɓa jin ta yi dariya irin wannan ba.

Da ta rako ni ƙofa sai ta riƙe mini hannu.

“Na gode da ba ki tambaya ba, Nadine. Da kin tambaya da na ce to.”

Ran Talata ne zamana na farko a kwamiti. Ban ce na canja ra'ayi ba. Nisan yana nan, duhun ma yana nan, kuma zan ci gaba da neman malami har ranar ƙarshe.

Na dai biya ta gidan direban bas a hanyar dawowa. Tambaya kawai na yi, ko ɗumin motar na kaiwa kujerun baya lokacin sanyi, da ko zai yarda ya bar fitilar ciki a kunne.