Ƙwayar da ta Rabu Biyu

Sendai, bazarar 1988

Zuwa ga Yaya Noboru,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da Yaya Harue da yara, kuma sanyin São Paulo bai takura muku ba. Kullum ina roƙa muku lafiya da kwanciyar hankali. Mama ta samu sauƙin gwiwarta har ta koma gona, Baba kuma yana nan da ƙarfinsa.

Yaya, yau ina cike da murna. Ka san tun bara nake gasa wani haɗi a tanderun ɗakin gwajinmu, wanda in aka sanyaya shi sosai wutar lantarki ke ratsa shi ba tangarɗa, yana kuma ture maganaɗisu. Duk wahalar nan ƙwaya ɗaya tak mai kyau na samu, baƙa mai sheƙi, ba ta fi riɗi girma ba. In na kwantar da ita a na'urar awo sai ta ture maganaɗisun da ƙarfi, in na tsayar da ita ta gefe sai ƙarfin ya ragu ƙwarai. Na ruga na nuna wa Kuwabara, babbanmu a ɗakin. Ya yi dariya, ya ce wai na'urata ce ke zazzaɓi, in kai ta asibiti. Farfesa Shibayama kuwa ya ce in ban tabbatar ba kafin ƙarshen zango, wasu za a ba na'urar.

Ranar da zan sake awo, ina juya ta da hantsaki sai na ji ƙas, ta rabu biyu. Na zube a ƙasa ina kuka. Haka Kuwabara ya tarar da ni. Ya leƙa, ya ce kukan me nake yi, jiya ɗaya gare ni, yau ga biyu, in ba shi rabi ya gwada a tasa na'urar ta sama, kowa ya huta da rigimata. Da la'asar sai ga shi ya sauko a guje, silifa ɗaya a ƙafa, takarda a hannu. Abin da tawa ta nuna, shi tasa ta nuna. Ya sunkuya mini sosai a gaban kowa, ya ce ashe shi ne mai zazzaɓin. Farfesa ya ce ni zan yi bayani a taron masana na Kyoto da kaka, kuma sunana ne zai zo farko a takardar binciken.

Na buga wa Mama waya. Ta saurara har na gama, ta ce ita ko kalma ɗaya ba ta gane ba, amma ta ji muryata, don haka yau za ta dafa shinkafa da jan wake irin na biki, ta raba wa maƙwabta.

Ka gaishe mini da Yaya Harue, da Mitsuo, da 'yar auta Fumie, da Kawu Tadao in kun haɗu.

Ƙanwarka mai kewarka,
Chizuru